Farantin Sakinatu da Harsasan Lurwanu

Duk wanda ya zauna a Harra ta Yamma a shekarun saba'in zuwa tamanin ya san gidan Lurwanu Ashafa ko bai taɓa shiga ba, domin hanci ke kai mutum. Shi ne gida na ƙarshe a layin, daga shi sai baƙaƙen duwatsun nan na Madina da suka shimfiɗu iya ganin ido. Idan iska ta juyo da la'asar, wani wari ke fitowa ta tagarsa, warin darma a kan wuta haɗe da na tsohon batirin mota, mai shaƙe maƙogwaro. Maƙwabta su ja tagoginsu su ce, "To, Abu Khalil ya ɗora girkinsa." Matarsa Sakinatu ba ta da tagar da za ta rufe ta tsira. Ta shaƙi warin nan tun tana goyon ɗanta Khalilu har furfura ta fito mata, kuma ba ta taɓa sabawa da shi ba.

A Madina aka haifi Lurwanu. Ubansa maharbi ne daga ƙasar Zamfara, ya tako da ƙafa ta Sudan ya zo aikin Hajji, ya ga Madina ya ce shi kam ya iso gida. Tsohon bai ƙara riƙe bindiga ba har ya mutu, ruwa ya yi ta ɗebo wa gidajen mutane, amma bakinsa bai daina farauta ba. Kullum bayan cin abinci sai ya kashe ɓauna da zaki kafin ya wanke hannu. Da waɗannan labarai Lurwanu ya tashi. Ya koyi gyaran lagireton mota a wata warsha, wato gareji, a unguwar Sultana, ya ƙware wajen narka darma da liƙe huji. Wata rana ya gyara wa wani Balaraben ƙauye motar ɗaukar tumaki, mutumin ya ji daɗin aikin, ya miƙo masa tsohuwar bindigar harbin tsuntsu, irin wadda ake kira shozan. Lurwanu ya rungumo ta zuwa gida a naɗe cikin buhu, bakinsa har kunne.

Abin mamaki, ba harbin ne ya fi ɗaukar masa hankali ba. Harsashi na nan a kasuwa cikin kwali, sabo fil, mai tsabta, kowane mai hankali can yake saye. Lurwanu ya ce na kamfani ba shi da albarka, shi da hannunsa zai ɗura nasa. Sai ya shiga bin wuraren da mafarauta ke yada zango yana tsintar kwanson harsashin da aka harba aka yar, ja da kore, daga cikin toka, daga cikin kashin raƙuma, daga bayan duwatsun da maza ke zagawa su tsuguna. Ya cika buhu ya kawo gida, ya zazzage a bahon da Sakinatu ke wanke shinkafa. Ranar da ta fara ganin haka sai da ta yini ba ta ci komai ba. Ta bar masa bahon ta sayi wani. Daga baho ya koma kan rariyarta, daga rariya ya ɗauke ludayin ƙarfe, sannan finjalin gahawar da aka ba ta ranar aurenta ya zama ma'aunin albarushi. Ɗakin baƙi ya zama ɗakin ɗuri. Can yake zama bayan ya dawo daga warsha, ya narka darmar tsofaffin batura, ya ɗiga ta cikin ruwa ta zama ƙananan ƙwayoyi, ya tace, ya ɗura, ya danna, ya liƙe baki da kakin kyandir, yana lasar babban yatsansa baƙi ƙirin tsakanin kowane harsashi da na gaba. Da wannan yatsan yake fitowa ya zura cikin kwanon abinci. Ko ya wanke da sabulu baƙin yana nan a ƙarƙashin farce, don haka Sakinatu ta raba kwano da shi tun aurensu yana ɗanye.

Ita kuwa Sakinatu, sana'arta a bakin Masallacin Annabi take, can wajen katangar maƙabartar Baƙi'a inda tantabaru ke sauka kamar an zubo su daga kwando. Hatsi take sayar wa masu ziyara su watsa wa tsuntsayen. Wurin uwarta ta gada, Iya Mariama, 'yar Damagaram, wadda ta zauna a wannan gurbi har ƙafafunta suka ƙi. Sauran mata alkama zalla suke sayarwa. Iya Mariama ce kaɗai ke gauraya tata da jar dawa da ake kawowa daga Jizan, wai ita ma tsuntsuwa tana son canjin baki, kuma Sakinatu ba ta sauya ba. Da yamma in ta dawo, sai ta hau rufin gida da ragowar hatsin da ta share, ta riƙe wani tsohon farantin ƙarfe ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, irin bugun da ta koya wurin uwarta. Kafin ta gama, garken tantabaru ya rufe ta. Suna sauka a kafaɗarta, suna ci a tafin hannunta. Akwai wata fara mai baƙin wuya da zare ya taɓa naɗe wa ƙafa har ya cinye yatsa ɗaya. Sakinatu ce ta zauna da reza ta kwance zaren, ta shafa mata man zaitun, ta raɗa mata suna Gurguwa. Ita ke fara sauka kullum.

Kowa a Madina ya san ƙasar da ke tsakanin harra biyu, wato filayen baƙaƙen duwatsun gabas da yamma, harami ce, ba a farauta a cikinta. Iya Mariama ba ta tsaya a sani ba. Tana cutar ajali ta kama hannun 'yarta ta nuna mata tukunyar tagullar da za ta bar mata, ta ce, "Sakina, tsuntsayen nan maƙwabtan Manzon Allah ne, sun riga mu zuwa. Mijinki ya sami bindiga. Kada ki yarda ko ɗaya ya shiga tukunyar nan." Don haka bayan an share makoki, Sakinatu ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗuri, hannunta toshe da hanci.

"Abu Khalil, ka ɗauke mini baho, na yi shiru. Ka ɗauke finjali, na yi shiru. Abu ɗaya nake so ka rantse mini a kai."

"Faɗi, Ummu Khalil," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

"Ba za ka taɓa harbin tsuntsu a cikin haramin Madina ba."

Ya ajiye kwanson da ke hannunsa ya dube ta kamar ta zage shi. "A'uzu billahi! Ni ɗan Madina? Wallahil azim, ba zan harba ba. Halas, shi ke nan, kin ji?"

Ta ji. Kuma da wannan rantsuwa ta rayu. Duk lokacin da warin ya tayar mata da zuciya, duk lokacin da ta taka ƙwayar darma a tsakar gida ta kusa zamewa, sai ta ce wa kanta ƙazami ne, amma ba maci amana ba ne. Ba wani babban abin riƙo ba ne ga mace, amma shi take da shi.

Shekaru masu yawa Lurwanu ya cika alkawari, a faɗi gaskiya ko don Allah. Yana da aboki, Barau, direban wata ma'aikata, mai tsohuwar motar a-kori-kura. Idan lokacin wucewar kurciyoyi ya zo, su biyun su loda ruwa da gawayi da tulin harsasan Lurwanu su nausa can cikin kwazazzaban hanyar Yanbu, nesa da gari sosai. Barau da harsashin kamfani yake harbi, ya harbo goma kafin Lurwanu ya harbo ɗaya, domin harsasan Lurwanu kowanne da halinsa. Wani ya yi tari ya tofar da hayaƙi, wani ya yi tsawar da za ta jefar da mai bindigar da baya, wani ya yi shiru abinsa kamar an yi masa laifi. Wannan bai taɓa sa Lurwanu kunya ba. Ya dawo fuska duk toka, gira a babbake, yana bayanin cewa ya gano inda kuskuren yake, na gaba za a gani.

Kurciyoyin da suka kawo, Sakinatu ke figewa ta dafa. Ƙananan abubuwa ne, in an fige ba su cika tafin hannu ba, ga su a huhhuje, nama ya yi baƙi inda darma ta shiga. Takan zauna da tsinke tana tono ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. Wata rana guda ta kuɓuce mata, ta tauna da turmin haƙorinta na dama, haƙorin ya tsage gida biyu. Tana riƙe da kumatu, jini a baki, Lurwanu ya miƙo hannu ya ce ta ba shi ƙwayar ya gani. Ya juya ta a haske ya ce, "Kin ga ko lotsewa ba ta yi ba. Darma mai kyau ke nan." Ya goge ta a rigarsa ya jefa a aljihu don ya sake ɗura ta. Tun daga ranar da ɓangaren hagu Sakinatu ke tauna.

Sun yi faɗa iri-iri. Akwai lokacin da ta kama shi yana yayyaga jarida yana cusawa cikin kwanso, ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji, domin wace jarida ce a ƙasar nan babu sunan Allah a cikinta? Ya yarda ya yi kuskure, ya yi istigfari, washegari ta tarar ya yanyanka bargon sanyinta ya maye gurbin jaridar. Akwai kuma ranar da haƙurinta ya ƙare ta tuttula buta guda a gwangwanin albarushinsa. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Ya daina yi mata magana har wata ya mutu wani ya kama, sannan ya shigo da gwangwani biyu a madadin ɗaya, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Daga nan ta gane ba a raba mutumin nan da abinsa.

Ana cikin haka girma ya zo. Khalilu ya sami aiki a Yanbu ya yi aure can. Aka fara rushe tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Masallaci don a faɗaɗa shi, Sakinatu da sauran mata suka yi ta matsawa da buhunansu daga wannan lungu zuwa wancan, tantabaru na biye da su. Barau ya kwanta ciwon suga, aka yanke masa ƙafa, 'ya'yansa suka sayar da motar suka ɗauke shi zuwa Jidda. Shi ma Lurwanu hayaƙin darma ya fara karɓar hakkinsa. Ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa, hannunsa ya soma rawa, mai warsha ya ce masa ya je ya huta. Babu mota, babu aboki, babu hanyar zuwa kwazazzabai. Amma ɗuri bai tsaya ba. Yanzu ma da ya sami yini sukutum, sai abin ya ƙaru. Harsasai suka cika gwangwanayen man shanu, gwangwanaye suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan kabad. Ya zauna ya tasa su gaba yana shafawa, fuska a murtuke, abin da bai kai ya kawo ba sai ya yi faɗa. Sakinatu har ta fara jin tausayinsa, tausayi irin wanda ake ji ana kau da kai.

Sai kwatsam mutum ya warware. Ya fara fara'a, yana 'yar waƙa in yana alwala. Wata rana ta dawo daga bakin Masallaci ta tarar da tsuntsaye a kwano, an fige su tas, an cire kai da ƙafafu da kayan ciki, har ƙwayoyin darma an tone.

"Daga ina?" ta tambaya.

"Tantabarun dutse ne. Da ƙafa na taka har bayan harra, can inda haramin ya ƙare. Likita ma ya ce in riƙa tafiya."

"A waje?"

"A waje mana. Kin manta na rantse?"

Ba ta manta ba. Ta dubi naman, mai ƙiba, mai tsabta, ta ce a ranta ashe tsufa na koya wa namiji hankali, yau ga Abu Khalil da figar tsuntsu da kansa. Ta ɗauko tukunyar tagulla ta dafa da shinkafa da lemun tsami busasshe. Ya yi daɗi, wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe ƙashi. Ta ɗiba ta kai wa Halimatu, maƙwabciyarta a wurin sayar da hatsi, ita ma ta ci ta sa albarka.

Haka aka yi ta yi duk tsawon wannan bazara. A lokacin ne kuma Sakinatu ta lura buhun hatsinta na raguwa fiye da yadda take ɗiba, ta ɗora wa ɓeraye laifi ta sayo tarko. Ta kan tarar da farantinta ba a inda ta jingine shi ba, ta ce mantuwar tsufa ce. Garken da ke sauka a rufinta ya fara yin sirara. Ta zagi kyanwoyin unguwa, ta zagi shaho, ta zagi ƙurar rusau da ƙarar injuna. Kowa ta zarga ban da mutumin da ke zaune a ƙasanta yana lasar yatsa.

Ranar da asiri ya tonu Juma'a ce. Khalilu da matarsa za su zo daga Yanbu cin abincin rana, Sakinatu ba ta daɗe a kasuwa ba, ta leƙa kawai ta dawo. Lurwanu ya fita tun da safe, ya dawo a makare yana haki, tari ya sarƙe shi, ga lokacin masallaci ya matso. Ya jefa buhun da ya shigo da shi a bayan ƙofar kicin ya ce kada ta taɓa, in ya dawo zai gyara da kansa, ya yi wanka ya fice. Sakinatu ta dubi rana, ta dubi buhu. Baƙi na hanya, wa zai jira? Ta jawo baho ta zazzage.

Ta fige tantabara ta farko. Da ta tsaga 'yar jakar nan ta wuya inda tsuntsu ke tara abin da ya ci, sai hatsi ya zubo mata a hannu, ko narkewa bai fara ba. Alkama ce da jar dawa. Ta tsaya tana kallo. Ta tsaga ta biyu, alkama da jar dawa. A duk faɗin Madina mutum ɗaya ke wannan gauraye, kuma tantabarar dutse ba ta zuwa kasuwa. Ta tona ƙasan tulin, ta jawo wata fara mai baƙin wuya, ƙirjinta a ragargaje. Ta buɗe ƙafar. Yatsa ɗaya babu, ga tabon zare ya zagaye wurin.

Ba ta yi kuka ba. Ta rarrafa zuwa magudanar tsakar gida ta yi ta amai har babu abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci, tana ji kamar duk naman bazarar nan yana nan maƙale a haƙoranta. Ta kurkure baki da gishiri, ta sake kurkurewa, ɗanɗanon bai tafi ba.

Da Lurwanu ya dawo daga masallaci da farar riga da ƙamshin turare, ya same ta zaune a ƙofar ɗakin ɗuri, ƙafar tsuntsuwar a tafin hannunta.

"Abu Khalil, wannan ƙafar wace ce?"

Ya duba. Bai yi musu ba, bai ma sunkuyar da kai ba. "Na ce kada ki taɓa buhun."

"Ka rantse mini."

"Na rantse ba zan harbi tsuntsu a cikin harami ba, kuma ban harba ba. Wallahi a waje na harbe su, bayan haddi, iyakar haramin. Akwai dutsen da mafarauta suka shafa wa farar ƙasa, Barau ya nuna mini tun tuni. Sai sun wuce shi nake ɗaga bindiga."

"Me ya kai su bayan dutsen?"

Nan ne mutumin ya gyara tsayuwa, kuma wallahi idonsa har ƙyalli yake. Ya shiga yi mata bayani irin yadda yake bayanin harsashi. In ta fita da safe, sai ya ɗebi hatsi ya ɗauki farantin ya hau rufi ya buga irin bugunta, ai ya daɗe yana ji daga ƙasa. Da suka saba, ya sauko da su ƙofar gida. Daga ƙofar gida ya matsa cikin duwatsu. Kullum ya ƙara gaba kaɗan, yana bugawa yana watsa hatsi, bai taɓa ko ɗaya ba, har ranar da suka bi shi suka tsallake farin dutsen. "Sabur ake so, ya shekha, haƙuri," ya ce. "Ba kowa zai iya ba. Kuma suna sauka kusa, ko hannu na rawa ba a kuskure. Harsasaina duk sun tashi, ko ɗaya bai ƙi ba. Na ma tambayi malami a Masallaci, na ce tsuntsun da ya fita haddi da fikafikansa fa? Ya ce halal ne."

"Ka gaya wa malamin da farantin wa ya fita?"

Lurwanu ya buɗe baki, tari ya zo ya cece shi.

Sakinatu ta dube shi daga sama har ƙasa, farar rigar, gemun da ya sha turare, baƙin da ke ƙarƙashin farcensa. Shekara da shekaru tana ƙyamar hannun nan, tana ce wa kanta dattin a fata ya tsaya. Ta tashi ta shiga kicin, ta ɗauko tukunyar tagullar Iya Mariama ta dire a gabansa. "Ga ta. Ka narka darmarka a ciki. Ni na gama da ita."

Khalilu ya iso ya tarar babu abinci sai shayi da burodi. Da ya ji abin da ya faru ya dafa kafaɗar uwarsa ya ce da Larabci, domin Hausa a kunnensa kawai take, "Ma'alesh ya ummi, ki yi haƙuri, tsuntsaye ne fa kawai, kuma Baba bai saɓa shari'a ba." Sakinatu ta naɗe tsuntsayen a tsohon zane, ta shiga cikin duwatsu ta binne su ta danne da manyan duwatsu saboda karnuka. Washegari ta sami Halimatu ta gaya mata abin da ta ciyar da ita, ta roƙi gafara. Halimatu ta tofar da yawu gefe.

Yanzu sai me? Sakinatu ta auna abin ta kowace fuska. In ta ɓoye faranti, farantai sun cika kasuwa, kuma bugun yana hannunsa. In ta kulle hatsi, zai sayo. In ta jiƙa albarushi, ta riga ta ga ƙarshen wannan. In ta sa shi ya sake rantsuwa, zai zauna ya nemo ƙofar da zai bi ta bayan rantsuwar, yana da yini sukutum na yin haka. Laifin tsuntsayen ɗaya ne, sun yarda da wannan ƙara. Ita ta koya musu, uwarta ta koya wa iyayensu, kuma ba su san hannun da ke bugawa ba.

Da yamma ta hau rufi da farantin. Ba ta ɗauki hatsi ba, doguwar sandar share yanar gizo ta ɗauka. Ta ƙwanƙwasa da zobenta. Ragowar garken ya taso daga ko'ina, suka sauka a gabanta suna kewaya ƙafafunta, wata ta hau kafaɗarta tana leƙa tafin hannunta. Sakinatu ta runtse ido ta kai musu sanda. Suka tashi a firgice, suka yi shawagi, suka dawo, domin sun ɗauka kuskure ne. Ta sake bugawa, suka sake sauka, ta sake kora, tana jifa da tsakuwa, tana ihu da muryar da ba su taɓa ji daga gare ta ba. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna cewa Ummu Khalil ta taɓu.

Haka ta yi ta yi kullum, safe da yamma. Ta buga, su zo, ta kora. Da farko duka suke zuwa. Daga baya suka koma sauka a kan katanga suna kallonta da gefen ido. Daga baya sai 'yan kaɗan masu taurin kai, su ne suka fi shan tsakuwa, su ne kuma take sauka daga rufi tana share hawaye saboda su. Lurwanu ya fita da sabon faranti sau da yawa a wannan tsakani. Tun yana dawowa da ɗaya ko biyu, da ba wanda zai dafa masa, har ya koma dawowa da buhu wayam. Ya koma ɗakinsa ya ci gaba da ɗuri, gwangwanaye na ƙaruwa, kuma da gaske a tukunyar tagullar yake narka darmar, ya ce ta fi riƙe zafi.

Wata safiya, sanyi ya fara shigowa, Sakinatu ta hau rufi ta ƙwanƙwasa farantin. Can kan wayar lantarki akwai tantabaru jere. Da jin ƙarar suka tashi gaba ɗaya, suka ba ta baya, suka nufi cikin gari wajen Masallaci. Ta sake bugawa, a hankali, daidai yadda Iya Mariama ke yi. Ta jira. Babu abin da ya sauka. Daga ƙasa warin darma ya taso ya same ta. Ta jingine sandar, ta ce alhamdu lillahi, ta zauna a kan rufin da babu kowa da farantin a cinyarta.